Rage sigina ko sa filta: wanne ke korar gidajen rediyo daga ƙaramar na'ura?

Tsohon Hannu: Jama'a, ga maganata, wanda bai yarda ba ya kawo hujja. Duk mai ƙaramar rediyon sha'awa, irin wadda masu sha'awa ke magana da juna da ita ta iska, da gidajen rediyo ke masa kutse, kada ya wahalar da kansa neman filta. Ya rage siginar da ke shigowa, ko da maɓallin atenuweta, wato mai rage ƙarfin sigina, ko ya gajarta eriya. Yawancin kutsen nan a cikin rediyon ake haifarsa, don an ɗora wa matakin farko da ke karɓar sigina daga eriya kayan da ya fi ƙarfinsa.

Ɗan Koyo: Baba, gafara dai, abin ya ɗaure mini kai. Siginar da nake nema ai dama ba ta da ƙarfi. In na rage, ba ita zan fara rasawa ba?

Tsohon Hannu: A'a, yaro, ka bi lissafin. A ce tasha ɗaya tana kan megahaz 7.25, wata tana kan 7.40, duka a zangon mita 41. In suka cika rediyonka, sai su cakuɗe su haifi siginar ƙarya: ninka 7.25 sau biyu, ka cire 7.40, ka samu 7.10, tsakiyar zangon mita 40 na mu masu rediyon sha'awa. To irin wannan siginar, in ka rage abin da ke shigowa da desibel 10 (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan), ita da desibel 30 take faɗuwa, ta gaskiyar kuwa da 10 kacal. Kuma ƙasa da megahaz 10 ƙarar sararin sama ta fi ƙarar rediyon kanta nesa ba kusa ba. Cire eriya ka mayar. In shuuu ɗin ya ƙaru, kana da rarar da za ka zubar.

Mai Oba-Oba: Malam, wannan karatun gajeren zango ne, kada a shafa wa kowa. Ni a mita 2 nake, megahaz 144. A can ƙarar sama kaɗan ce, duk desibel da ka zubar daga jikin abokin maganarka ka yanke shi. Ɗauki oba-obar hannu Baofeng UV-5R ka haɗa ta da eriyar waje kusa da hasumiyar FM: sai ta kurmance, ba ma kutse za ka ji ba, shiru za ka ji. Ƙofarta a buɗe take, ba ta tace abin da ke shigo mata sosai. Filtar da ke toshe 88 zuwa 108 ta sare tashoshin, ta bar 144 kusan yadda yake. Haka ma RTL-SDR, 'yar na'urar saurare da ake sa wa kwamfuta, ba ta jure maƙwabci mai ƙarfi.

Tsohon Hannu: Ka mayar mata da gajeriyar eriyarta ta roba mana, ka ga in ba ta warke ba.

Mai Oba-Oba: Ta warke, amma wa zan ji? Wanda ke bayan katanga?

Mai Gyara: Ku biyun kuna ja ne a kan abin da tazara ke yanke wa hukunci. Daga 108 zuwa 144 akwai fili, filta za ta yi aiki. Haka matsakaicin zango: filtar da ke datse duk abin da ke ƙasa da megahaz 1.7 ko makamancin haka tana wanke mita 80 tas, kuma da kwail, wato naɗin waya, da kafasito ƙalilan ake haɗa ta. Amma tashar da ke kan 7.21 alhali kai kana kan 7.19, babu filtar kwail da za ta raba ku. Nan Baba ya yi gaskiya. Ma dai an samu sauƙi, don kafin Maris na 2009 gidajen rediyo na zaune a cikin 7.1 zuwa 7.2 ɗin kanta.

Sai dai akwai wanda ba ku taɓo ba. Ƙananan rediyon da ake haɗawa da hannu, masu mayar da sigina sauti kai-tsaye, kan jiyo tashar AM a ko'ina. Ka murɗa ka murɗa, mai labarai yana nan daram. Wani lokacin ma ba ta eriya ya shigo ba, ta wayar iyafon ko ta caja ce. Wannan sai zoben ferayit, mai tare siginar da ke bin waya, a nannaɗa wayar a ciki.

Ɗan Koyo: To Yaya, ta ina zan gane wanne ke damuna?

Mai Gyara: Danna atenuweta. In kutsen ya ɓace bat amma sauran sigina sun ɗan sauka kawai, rediyonka ce ta cika. In ya sauka daidai da sauran, daga waje yake, ƙila ninkin megahaz ɗin tashar ne, ko tsatsar wani ƙarfe kusa da kai ke cakuɗa su. Wannan ba filta ba atenuweta, sai ka matsa wuri.

Tsohon Hannu: Ka ga, ko gwajin ma da maɓallina aka yi shi.

Mai Oba-Oba: Gwaji daban, magani daban, Malam. Kuma Ɗan Koyo, in za ka sa filta a rediyon da ke watsawa, duba ko filtar tana jure ƙarfin wat 5. Da yawansu na saurare ne kawai, ka danna magana sau ɗaya su ƙone.

Ɗan Koyo: Eriyar zobe fa, mai kafasito? Na ji ita ma tana tacewa.

Mai Gyara: Tana yi sosai, faɗinta siriri ne, kuma in ka juya ta akwai ɓangaren da tashar ke dushewa. Sai dai duk ɗan matsawar da ka yi a mita sai ka sake saita ta, ka shirya wa hakan.