Takardar kuɗin wuta a ma'aikatunmu: wa ke duba ta kafin a biya?

Sani, unguwar Zariya: Assalamu alaikum ƴan uwa. Wata uku ke nan da aka ɗora mini kula da kuɗin wuta a biro ɗinmu nan Maraɗi. Na tarar faktir, wato takardar kuɗin wuta, na zuwa, a sa hannu, a tura a biya, ba mai tashi ya leƙa kwantar, na'urar da ke auna wutar da aka sha. Da na tambayi kwantar nawa gare mu, wani ya ce biyu, wani ya ce huɗu. Ku da kuka riga ni a wannan aiki, yaya kuke yi?

Hajiya Mariyama: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka sayi kaye, wato littafin rubutu, ka ɗauki alƙalami, ka zagaya da ƙafarka. Ni haka na fara. Kowace kwantar na rubuta lambarta da ginin da take ba wuta, sannan na jera faktir na shekara guda a kan tabarma ina haɗawa. Sai ga lamba ɗaya ta ƙi samun gida. Sati biyu ina nema. Ashe ta wani tsohon magaza ce da muka bari tun da daɗewa, ba wanda ya rubuta takardar a yanke. Da na je, ƙofa da kwaɗo, amma firiza biyu na ta gurnani a ciki, cike da ƙanƙara a leda. Azumi ne, ka gane sauran. Ban yi faɗa da kowa ba, takarda kawai na kai wa shugaba. Tun daga nan, ran ɗaya ga wata maigadi ke karanta kwantar, ya ɗauki hoto ya turo mini ta WhatsApp.

Mushe Ila, Tasawa: Hajiya, Allah ya ƙara girma. Mu tamu matsalar kilim ce, na'urar sanyaya ɗaki. A watan Afrilu da Mayu mutum ya kunna tun safe, ya tafi sallar Juma'a, sai Litinin. A gidansa kuwa ko ƙwan fitila ɗaya yaro ya bari, sai ya sha faɗa.

Abdu mai lissafi: Kar ku manta da gazuwal, man da ake zuba wa gurup, wato injin ba da wuta. Wutar Maraɗi daga Najeriya NIGELEC, kamfanin wuta na Nijar, ke sayo mafi yawanta, ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da aka yanke ta a watan Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai da muka shiga 2024 muna fama. Faktir ya yi sauƙi, shugabanmu har yana murna, alhali kuɗin sun koma cikin tankin gurup. Bon ɗin mai, wato takardar ɗaukar mai, yana wajen wani, faktir yana wajen wani, ba a taɓa haɗa su a shafi ɗaya ba. Yanzu ina rubuta awa nawa gurup ya yi da lita nawa aka zuba. Ranar da na fara, direba ya daina gaishe ni.

Sani, Zariya: Na gode ƙwarai. To amma Hajiya, ba gara kwamfuta ba? Na ɗan iya Excel.

Hajiya Mariyama: Yi duka biyu. Wanda na gada ya zuba komai a kwamfutarsa, aka yi mishi canjin wajen aiki, ya tafi da ita Dakoro. Kaye kuwa yana nan cikin almuwar, har da tabon shayi. Kuma ka riƙa rubuta kilowat, ba kuɗi kaɗai ba, don farashi na iya canzawa ka zaci sha ne ya ƙaru.

Abdu mai lissafi: Sani, in ka tsara naka teburin turo mini in gani, nawa ya cakuɗe.