Ƙwaƙwalwa ce ke haifar da tunani, ko ratsa ta yake yi?

Ɗalibin_falsafa: Jama'a, tun rasuwar kakana nake juya wannan a raina. A laccarsa ta Jami'ar Harvard a 1897, masanin falsafa ɗan Amurka William James ya ce wataƙila ƙwaƙwalwa tace tunani kawai take yi, kamar gilashi mai launi da haske ke ratsawa. Gilashin ya fashe, hasken na nan. Wannan hujja ce cewa tunanin mutum na nan bayan mutuwa?

Malama_B: Allah ya jiƙan kaka. Ba hujja ba ce, ɗana. Abin da ya nuna kawai, kimiyyar ƙwaƙwalwa ba ta rufe ƙofar ba.

Injiniya: To in hasken ya koma rana, ina kakan shi kansa? Tun James na raye aka yi masa wannan sukar.

Ɗalibin_falsafa: Nan fa na maƙale, Injiniya. Ni muryarsa nake kewa.