Sabuwar ƙwallon bolin tana lanƙwasa fiye da kima, a ina kuke tsayawa?

Sabon Shiga:
Salamu alaikum jama'a. Na daina wasa da ƙwallon aro ta gidan bolin (wasan gangara ƙwallo a kan layin katako don kayar da kwalabe goma), na sayi tawa, ta kamfanin Storm mai nauyin laba 14. Da dama nake jifa. Inda na saba tsayawa shi ne katako na 20 (daga dama ake ƙirga katakan layin), ina auna kibiya ta biyu (alamar da ke kan katako na 10), amma yanzu sai ta tsallake kwalbar gaba ta faɗa hagu. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, yaya kuka yi?

Kawu Mai Bolin:
Wa alaikumus salam, ɗana. Lafiyar ƙwallonka ƙalau. Ta aro roba ce zalla, santsi take yi har ta isa, taka kuwa fatarta tana kama katako. Tsawon layin daga wurin jifa zuwa kwalbar gaba ƙafa 60 ne, kuma a yawancin gidajen wasa wajen ƙafa 40 na farko ake shafa wa mai, tsakiya ta fi gefe jiƙa. Da ta fita daga man sai ta ciji busasshen wuri ta juya.

Lokacin da na canza tawa a nan Amurka, mai shagon da ya huda min ita ya ce in bi ta inda ta kauce. Ta faɗa hagu, ka matsa hagu. Ƙafa katako biyu, ido katako ɗaya: ka koma 22, ka auna 11. In ba ta shiga tsakanin kwalba ta 1 da ta 3 ba (wato ta gaba da ta bayanta a dama), ka sake matsawa haka. Ni sai da na dangana da 27 kafin muka daidaita. Abu ɗaya dai, kada ka canza tsayuwa da gudun jifa a lokaci guda, don ba za ka gane wanne ya yi aiki ba.

Bahago:
Abin da Kawu ya faɗa, amma ni a juye, dama nake matsawa. Mu bahagwai mun ɗan huta, ɓangarenmu ba a cika bi ba, man yana daɗewa bai goge ba.

Hajiyar Layi na Tara:
Kawu, a gafarce ni, ba kullum ƙafa ce maganin ba. Ni jifana ba shi da gudu, na matsa har na kusa kwata ta hagu, ƙwallon tana juyawa tun kafin ta yi nisa. Ashe fatar ce ta zo a kaushi daga kamfani. Mai shago ya bi ta da samfefa mai lamba 4000, ya ɗan sa mata sheƙi, sai ta riƙa jinkirta juyawar. Ƙaramar lamba, irin 500 ko 1000, ita ke sa ta kama da wuri. A dai yi wannan kafin a fara gasa, dokar USBC, hukumar bolin ta Amurka, ta hana taɓa fatar da samfefa ana cikin wasa. Kuma ƙanena, ka riƙe tawul kana goge ta, irin waɗannan shan mai suke yi kamar soso.

Kawu Mai Bolin:
Gaskiyarki Hajiya. Sai dai ya fara da ƙafa, ita ba a biya.

Ɗan Lig:
Ba wanda ya taɓo zancen yatsa. Ramin babban yatsa na ƙwallon aro faɗi gare shi, hannu ya saba damƙa. Wannan an huda ta daidai kai, in ka damƙe sai ta maƙale ta fita a makare, ka ja ta hagu da kanka. Sassauta. In ramin ya yi sako-sako, akwai tef da ake liƙawa a ciki.

Sabon Shiga:
Allah ya saka da alheri. Daren jiya na tsaya a 24, ta fara shiga. Saura kwalba ta 10, ta kusurwar dama a baya, in ita kaɗai ta rage ƙwallon sai ta juya ta bar ta.

Hajiyar Layi na Tara:
Wannan aikin ta roba ne. Ɗauko ta aron nan da ka raina, ka tsaya can hagu, ka jefa miƙe ta kibiyar tsakiya.