Labarin ma'aikatan lafiya na karkara: darasi ne ko hira?

Ɗalibin likitanci: Jama'a, an fara gayyato mana ma'aikatan lafiya na karkara su ba mu labarin aikinsu a lokacin darasi. Ni dai ina ganin ɓata lokaci ne. Labari ba hujja ba ne.

Ungozoma: Ɗana, littafi ya ce idan jinin da mace ta zubar bayan haihuwa ya kai mililita 500, a yi mata allurar oksitosin, mai sa mahaifa ta tsuke jinin ya tsaya. To idan firji ya lalace, zafi ya rage wa allurar ƙarfi, ba jinin ƙari, ba mota fa? Na taɓa danne mahaifar wata baiwar Allah da hannu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ƙanwarta tana haska min da fitilar waya, har misoprostol, ƙwayar maganin tsayar da jinin, ya fara aiki. Yadda hannu ke sagewa, da lokacin da za ka ce a nemo mota tun kafin abu ya ɓaci, sai a bakin wanda ya yi.

Malamin jami'a: Anti, ban musa miki ba. Abin da nake tsoro, mutum ya fi tuna wadda ta tashi, ya manta da waɗanda aka rasa. Da "na gwada ya yi" likitoci suka shafe ɗaruruwan shekaru suna tsaga jijiyar marasa lafiya suna fitar da jini da sunan magani.

Likitar karkara: Malam, ai ba wanda ya ce a ajiye bincike. Rita Charon da ta assasa koyar da likitanci ta hanyar labari a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, wajen shekarar 2000, likita ce mai duba marasa lafiya. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2010 cewa kusan rabin mutanen duniya a karkara suke, amma likitocin da ke can ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ɗalibin da bai taɓa jin muryarmu ba, me zai kawo shi wurinmu?

Malamin jami'a: Na yarda, Dakta, amma da sharaɗi: bayan kowane labari a buɗe ƙa'idojin magani a auna shi.

Ma'aikacin jinya: Ba ku taɓo sirri ba. A ƙaramin gari ko an ɓoye suna, da ka ce "mai tagwaye" an gane ta. Wa ya nemi izininta?

Ungozoma: Ni na nema, ta kuma amince. Wadda ta ƙi, ba na kawo labarinta ko da an sauya komai.

Ɗalibin likitanci: To waɗanda suka rasu fa, Anti? Su ne Malam ya ce ake mantawa da su, kuma ba halin tambayarsu.