Shin manyan layukan wutar lantarki suna cutar da ƙudan zuma da sauran ƙwari?

Mai Amya:
Assalamu alaikum. Ina kiwon zuma a gonar da na gada, kuma babban layin wutar nan mai ƙarfin kilobolt 330 da ya taso daga Kaduna zuwa Kano ya ratsa ta gefenta. Amya goma sha biyu gare ni, duk na katako masu murfin kwano. Huɗu suna kusan ƙarƙashin wayoyin, sauran suna can cikin inuwar ɗorawa. Damina biyu ke nan ina lura cewa na kusa da wayoyin sun fi faɗa, suna liƙe ƙofar amyarsu da danƙo har ta kusa toshewa, kuma zumarsu ba ta kai ta sauran ba. Shin wutar ce take damunsu, alhali babu wayar da ta taɓa su?

Injiniyan Wuta:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka bayyana ya yi daidai da wani gwaji da aka yi a Amurka, wanda wani mai bincike mai suna Greenberg da abokan aikinsa suka wallafa a 1981. Sun ajiye amya a ƙarƙashin layi mai kilobolt 765, inda ƙarfin lantarkin da ke cikin iska ya kai kimanin kilobolt 7 a kowace mita, sai ƙudan suka riƙa kai-komo babu natsuwa, suna liƙe ƙofa da danƙo, wasu amya suka rasa sarauniya, wasu kuma ba su tsallake lokacin sanyi ba.

Ba sai waya ta taɓa abu ba kafin ta yi masa tasiri. Kowane layi yana kewaye da wani yanki na ƙarfin lantarki da ido ba ya gani, kuma da yake wutarmu tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa, duk abin da ke tsaye cikin yankin nan, muddin wuta tana iya bi ta jikinsa, sai wata 'yar wuta ta riƙa gudana a cikinsa zuwa ƙasa. Mutum da ƙyar zai ji ta, amma ga halittar da nauyinta bai wuce kashi ɗaya cikin goma na giram ba, ja ne sosai. Da masu binciken suka rufe wasu amya da ragar ƙarfe suka haɗa ta da ƙasa, matsalar ta kau ko da yake amyar tana wurinta, kuma daga baya suka nuna cewa jan da ƙudan ke sha a ƙafafunsu idan sun taka wuri mai laima shi ne tushen abin. Wannan ne ya sa ban yi mamaki ba da ka ce da damina kake gani, domin jiƙaƙƙen katako ya fi busasshe ba wuta hanya.

Malama Mai Nazarin Ƙwari:
Bayanin Injiniya ya gamsar game da cikin amya, sai dai akwai abin da ke faruwa a waje, a kan fure, wanda ni ya fi ba ni sha'awa. Ƙudan zuma yana tara cajin lantarki a jikinsa yayin da yake tashi, fure kuma yakan ɗauki kishiyar wannan caji, shi ya sa garin fure ke tsalle ya manne masa tun kafin ya gama sauka. A 2013 masu bincike a Jami'ar Bristol ta Ingila suka nuna cewa wani nau'in ƙudan zuma mai kauri da gashi yana iya bambance furanni ta hanyar lantarkinsu kawai, sannan a 2016 aka gano cewa ƙananan gashin jikinsa ne ke lanƙwasawa su isar da saƙon. Halittar da ke jin lantarki mai rauni haka, ka kwatanta yadda za ta ji a kusa da layi mai ɗauke da dubban bolt.

A ƙasar Chile an wallafa wani nazari a 2023 wanda ya gano cewa ƙudan zuma sun rage ziyartar furannin da ke kusa da turakun da wuta ke gudana a kansu, kuma furannin sun ba da iri kaɗan. A Jami'ar Southampton kuwa, a 2018, an ga cewa ƙarfin maganaɗisu irin wanda layukan ke fitarwa yana rage wa ƙudan kaifin koyon ƙamshi. Ko kyankyaso an gwada shi a can, ya riƙa juyawa da baya idan gashin kansa biyu masu tsawo suka ji lantarki. A ganina dai bai kamata a zuzuta ba, domin ƙarfin nan yana raguwa da sauri da zarar an matsa daga layin.

Baba Manomi:
Ɗana, kada ka ɗora wa waya laifi duka kafin ka duba ƙasa. Ƙarƙashin layi fili ne da aka sare itatuwansa, rana tana dukan murfin kwano tun hantsi, kuma idan maƙwabta suna feshin wake a nan kusa, shi ma ya isa ya rage maka zuma.

Injiniyan Wuta:
Baba ya yi gaskiya, kuma hanyar rarrabewa tana da sauƙi. Ƙa'idar Najeriya ta keɓe wa layi mai kilobolt 330 fili mai faɗin mita 50, wato 25 a kowane gefe. Ka mayar da biyu daga cikin huɗun bayan wannan iyaka, a wurin da rana ke duka kamar da, ka bar biyu inda suke. Kada ka ɗaga dogon ƙarfe ko tsani a ƙarƙashin wayoyin yayin aikin.

Mai Amya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ɗauke su da dare bayan ƙudan sun koma, in toshe ƙofar da raga. Feshin waken ma gaskiya ne, akwai gona biyu a arewa da ni, don haka zan riƙa rubuta ranakun da suka yi feshi har zuwa kaka.