Neman shawara: da me ake fara zaɓen waƙoƙin sujadar Lahadi?

Salama gare ku 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da dattawan ikkilisiyarmu a nan Zuru suka ɗora mini zaɓen waƙoƙin sujada. Lahadin da ta wuce na jero waƙoƙin Turanci guda 4. Matasa suka yi ta rawa, amma iyayenmu mata na bencin gaba ko baki ba su buɗe ba. Wata kaka ta riƙe Littafin Waƙoƙinta a cinya har aka tashi, ban kira lamba ko ɗaya ba. Ga shi wa'azin a kan tuba ne, ni kuwa na rufe da waƙar rawa. Baba Fasto bai ce uffan ba, kallona kawai ya yi. Ku da kuka daɗe a aikin nan, ku taimaka.

Wani dattijon ikkilisiya daga Dabai:
Ɗana, da nassi ake farawa. Tun ranar Laraba ka tambayi mai wa'azi inda zai karanta. In ya ce Zabura 51, inda Dawuda yake roƙon gafara, ai ka san ranar ba ta kalangu ba ce. Waƙar da ke bin wa'azi ita ce amsar jama'a ga abin da suka ji, don haka ita za ka fara zaɓa. Ta buɗewa da ta baiko ba sa wahala. Ranar Jibin Ubangiji a sassauta kiɗa. Kuma kowace waƙa ka karanta kalmominta ba tare da murya ba. Akwai masu daɗin kiɗa waɗanda in ka duba, ba koyarwar komai a ciki.

Wata uwa daga Zumuntar Mata:
Yaro, ba fushi muka yi ba, ba ma ji ne. Manzo Bulus ya ce a yi waƙa da ruhu, a kuma yi da fahimta, duba 1 Korintiyawa 14:15. Ka sa mana ta Hausa, ka jefa ta Dakarci ko ɗaya, ka ba mu fili mu buga tulunmu. Sannan ku daina ɗaga murya can sama, maƙogwaronmu ya tsufa.

Mai kaɗa piyano, Birnin Kebbi:
Mama, da girmamawa, in aka hana matasa nasu za ku neme su ku rasa. Mu sabuwar waƙa ɗaya muke koyarwa a wata, mu maimaita ta Lahadi 3 a jere har ta zauna a bakin kowa. Ka kuma ajiye ɗan littafi kana rubuta abin da aka rera, in ba haka ba waƙoƙi biyar ɗin da kake so za ka yi ta juyawa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Sai dai Baba Fasto ba ya faɗin nassinsa sai daren Asabar. Zan tare shi ranar Laraba bayan taron addu'a, in ga ko zan dace.