Wane littafi zan riƙe don koyon tsarin shari'ar madani?

Ɗalibar Shari'a: Assalamu alaikum manyanmu. Ina shirin shiga Makarantar Horar da Lauyoyi ta Bagauda, kuma kuɗin hannuna na littafi ɗaya ne kacal a fannin shigar da ƙarar madani, wato ƙarar da ba ta aikata laifi ba. An ba ni aron na Fidelis Nwadialo, bugun 2000. Zai wadatar, ko in nemi wani?

Barista a Kano: Wa alaikumus salam ƙanwata. Riƙe shi da kyau, don yana bayanin tushe dalla-dalla: hurumin kotu, wa ke da ikon shigar da ƙara, yadda ake rubuta da'awa da martani. Sai dai ya girmi sauyin da dokokin Babbar Kotun Legas na 2004 suka kawo, wanda jihohi da dama suka bi. Yanzu ba a kai sammaci shi kaɗai. Ana haɗa shi da bayanin da'awa, jerin shaidu, rubutaccen bayanin kowane shaida da ya rantse a kai, da kwafin takardun da za a dogara da su. In aka rasa ɗaya, rajistara na iya ƙin karɓa.

Kuɗin naki ki sayi dokokin kotu da shi, na Legas da na Abuja, tunda da su ake koyarwa a makarantar. Ki tabbata bugun da ke aiki yanzu ne, domin ana sauya su. Duk babin da kika karanta a littafin, buɗe odar, wato sashen dokokin kotun, da ta yi magana a kai ki gwada su. Inda suka saɓa, dokar kotu ce gaba.

Malamin Jami'a: Barista ya yi daidai. Abin da zan ƙara, ki fara da hurumi, don nan ƙararraki ke mutuwa tun ba a saurari shaida ko ɗaya ba. Karanta hukuncin Madukolu da Nkemdilim na 1962 da kanki: dole kotu ta zauna yadda doka ta tsara, batun ya kasance cikin huruminta, ƙarar ta zo ta hanyar da ta dace bayan an cika sharuɗɗa. Sai Okafor da Nweke na 2007, inda Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya mai rajista.

Sannan wa'adi. Wa'adin kai ƙarar jami'in gwamnati kan aikin ofis wata uku ne, ban da irin su kwangila da rikicin fili. Ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 14 ne kan hukuncin wucin gadi, wato wanda aka yanke kafin a kammala shari'ar, wata uku kan na ƙarshe. Sammacin babbar kotun jiha da za a kai wata jiha kuwa sai an rubuta masa bayanin da sashe na 97 na dokar isar da takardun kotu ya tanada, a kuma ba wanda ake ƙara aƙalla kwana 30 ya bayyana.

Ɗalibar Shari'a: Na gode ƙwarai. To kotunan shari'ar Musulunci fa, Malam? Littafin bai shiga can sosai ba.

Tsohon Muhuti: 'Yata, can tsarin daban ne, na Malikiyya. Nemi Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim da sharhinta, ki haɗa da dokokin kotunan shari'a na jiharku. Aikin farko na alƙali shi ne tantance mudda'i da mudda'a alaihi, wato mai da'awa da wanda ake da'awa a kansa, domin hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa, kuma ba lallai wanda ya fara zuwa kotu ne mudda'i ba. Ki kula da i'izari: kafin hukunci dole a tambayi wanda za a yanke wa ko yana da sauran hujja, a kuma rubuta amsarsa a kundin shari'a. Rashinsa na sa kotun sama ta rushe hukunci ta umarci a sake shari'ar daga farko.